Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Na Katako Mai Tashi Da Rimot

Darasinmu na wannan wata a kan wani aikin hannu ne da ya shahara a Amurka da ƙasashen Turai da Japan. Mutum yakan sayi kwali cike da yankakkun katakai ƙanana. Ya zauna a gida ya haɗa su da gam, har su zama jirgin sama. Ya sa masa inji, sannan ya tafi fili ya tashe shi. Shi yana tsaye a ƙasa da rimot a hannu, jirgin yana shawagi a sama yana bin umarninsa.

Jirgin ba ya ɗaukar mutum. Wanda ake koyo da shi, faɗin fukafukansa kimanin mita ɗaya da rabi ne, nauyinsa kuma kilo 2 zuwa 3. Amma dokar da ke tashin babban jirgin da ke kai alhazai Makka, ita ce ke tashin wannan ƙaramin. Abubuwa uku ake nema daga wurin mai haɗawa: jirgin ya zama marar nauyi, ya miƙe sosai, nauyinsa kuma ya daidaita. In ɗaya ya ɓaci, aikin wata biyu yana iya tarwatsewa cikin daƙiƙa goma.

Daga ina abin ya samo asali?

Ƙaramin jirgi ya riga babba tashi. A shekarar 1871, wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya ƙera ɗan jirgi wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa. Ya tashe shi a wani lambu a birnin Paris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11.

A shekarar 1878, wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa biyu ɗan abin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi bisa dabarar wannan Bafaranshe. Yaran su ne Wilbur Wright da Orville Wright. Da suka girma suka zama masu gyaran keke. Su ne kuma suka tashi jirgin sama mai inji na farko ɗauke da mutum, ranar 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko na daƙiƙa 12 ne kawai.

Sarrafa ƙaramin jirgi da rediyo ya zo daga baya. Wasu tagwaye 'yan Amurka, Walt Good da Bill Good, suna cikin waɗanda suka fara yin nasara, a shekarar 1937. Ɗaya ya gane harkar jirgi, ɗaya ya gane harkar rediyo. Jirginsu ya ci gasar ƙasa a 1938 da 1939 da 1940. Daga baya aka kai shi gidan adana kayan tarihi na Smithsonian a Amurka.

Katakon da ake aiki da shi

Sunan katakon balsa. Bishiyarsa tana fitowa a dazuzzukan Amurka ta Kudu da Amurka ta Tsakiya, kuma ƙasar Ikwado ce ta fi kowa sayar da shi a duniya. Bishiyar balsa 'yar'uwar rimi ce da kuka, dangi ɗaya suke. Ita ma tana fitar da abu mai laushi kamar audugar rimi. Tana girma da sauri ƙwarai, cikin shekara 6 zuwa 10 ta isa sara.

Ga yadda za ka gane rashin nauyinsa. Jarka mai lita 20 in an cika ta da ruwa, nauyin ruwan kilo 20 ne. Guntun balsa busasshe mai girman wannan jarka, nauyinsa kimanin kilo 3 ne. Dalili shi ne, cikin itacen cike yake da ƙananan ramuka. Lokacin da bishiyar ke raye, ruwa ne a ciki. In an busar da katakon, sai iska ta maye gurbin ruwan. Duk wanda ya taɓa ɓare karan dawa ya taɓa farin da ke ciki, ya san irin wannan rashin nauyi.

Balsa tana da laushi, farce ma yana iya yi mata tabo. Saboda haka wuraren da ke shan wahala, kamar mazaunin inji da wurin ɗaura tayoyi, da katako mai ƙwari ake yin su, irin filawud ɗin kafintoci.

Me ke cikin kwalin?

Kamfanoni ne ke shirya kwalin. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne Guillow's, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 1926. In ka buɗe kwali za ka sami:

1. Babbar takarda mai zanen jirgin. Girman zanen daidai yake da girman jirgin.
2. Littafin bayani, mai nuna abin da za a fara da abin da zai biyo baya.
3. Fallayen balsa da aka riga aka yanke sassa a jikinsu, kowane da lambarsa.
4. Dogayen sanduna sirara na katako.
5. Waya mai ƙarfi, da kusoshi, da sauran ƙananan kaya.

A da, ana buga siffar sassan a kan katako ne, mai saye ya yanke da kansa, ko kuma inji ya datse su. Yanzu yawancin kamfanoni da hasken leza suke yanka, sassan kuma suna shiga juna daidai. Inji da rimot da batir da ledar rufi, galibi daban ake sayen su.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi kamar reza, da fil, da rula, da gam, da sanfefa, da allo shimfiɗaɗɗe wanda fil ke iya shiga.

Sassan jirgi da aikinsu

Kafin a fara haɗawa, ya kamata a san aikin kowane sashi.

Fiffike shi ke ɗaga jirgi. Ka riƙe faifai a cikin iska mai ƙarfi, ka ɗan ɗaga bakinsa na gaba. Za ka ji iska tana tura shi sama. Haka fiffike yake yi. Yana karkatar da iska zuwa ƙasa, iska kuma ta tura shi sama. Amma sai jirgin yana gudu wannan ke faruwa. In gudu ya ragu ƙwarai, fiffike ya daina ɗaukar nauyi, jirgi ya faɗo.

Farfela ita ke jan jirgi gaba. Inji ne ke juya ta, ko mai shan mai, ko mai aiki da batir.

Wutsiya ita ke hana jirgi kaɗawa. Tana da sashi biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. A bayan kowanne akwai ɗan falle mai motsi kamar ƙyauren taga. In ƙyauren da ke kwance ya ɗaga sama, hancin jirgi ya ɗaga. In ya sauka, hanci ya sunkuya. Ƙyauren da ke tsaye kuwa, shi ke juya hanci hagu ko dama. Jirage da yawa suna da irin wannan ƙyaure a bayan kowane fiffike. In na dama ya ɗaga, na hagu sai ya sauka, jirgi ya karkata dama ya yi kwana.

Gangar jiki ita ke riƙe da duk waɗannan, kuma a cikinta ake ajiye batir da kayan rediyo.

Yadda ake haɗawa

Mataki na 1. Ka karanta littafin bayani daga farko har ƙarshe kafin ka buɗe gam. Ka ƙirga sassa, ka duba lambar kowanne da wadda ke kan zane.

Mataki na 2. Ka shimfiɗa zanen a kan allo, ka rufe shi da farar leda don kada gam ya kama takarda. A kan zanen ake ginin, kowane katako a kan layinsa. Allon nan dole ya zama a miƙe. In allo ya lanƙwashe, fiffike ma zai lanƙwashe, kuma jirgi mai murɗaɗɗen fiffike ba ya tafiya a miƙe.

Mataki na 3. Ka fara da wutsiya, domin ita ce mafi sauƙi. Ka auna sau biyu kafin ka yanka. Ka gwada haɗin a bushe, ka ga bakin katako ya zauna da ɗan'uwansa, sannan ka sa gam. Kada ka soka fil a tsakiyar siririyar sanda, za ta tsage. Ka kafa fil biyu a gefe da gefe, su danne ta.

Mataki na 4. Sai fiffike, kuma nan ne ake son a natsu. Akwai doguwar sanda mai ƙarfi da ke tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aikinta kamar na azara ne a rufin soro, ita ke ɗaukar nauyi. A kanta ake jera haƙarƙari, wato ƙananan fallaye masu siffar kifi, waɗanda ke ba fiffike tudunsa. Kowane haƙarƙari ya tsaya cak, kada ya kwanta gefe. Bayan haka a manna sandar gaba da ta baya.

Fiffike rabi biyu ake yin sa, na hagu da na dama. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su gina hagu sau biyu. Ka duba zane da kyau. Wajen haɗa rabin biyu, ana ɗan ɗaga ƙarshensu sama, kamar yadda wasu tsuntsaye ke riƙe fukafukansu in suna shawagi. Wannan ɗagawa tana sa jirgi ya koma daidai da kansa in iska ta karkatar da shi. Zanen ya faɗi yawan ɗagawar da ake so. A bi shi daidai.

Mataki na 5. Gangar jiki. Ana yin gefe biyu iri ɗaya, a haɗa su da ƙananan bangaye a ciki. In ka gama, ka hango ta daga baya kamar mai duba miƙewar sanda. Kada ta lanƙwashe kamar ayaba.

A kula da gam. Gam da yawa ba ya ƙara ƙarfi, nauyi kawai yake ƙarawa. Ƙarfin haɗi yana wurin zaman katako da katako. Masu wannan aiki suna amfani da gam iri uku: farin gam na kafintoci mai jinkirin bushewa, da gam mai kamawa nan take, da gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa. Na ukun ya fi ƙarfi kuma ya fi nauyi, don haka sai a mazaunin inji da tsakiyar fiffike ake sa shi.

Mataki na 6. Ka goge ko'ina da sanfefa har ya yi sumul. Duk tudun da ka bari zai fito a jikin rufi.

Mataki na 7. Rufi. A da, da siririyar takarda ko siliki ake rufe jirgi, a shafa masa wani ruwa mai sa shi ya ɗame. Tun shekarun 1960 aka samu wata leda mai gam a bayanta. Ana manna ta da ƙaramin dutsen guga. In ta ji zafi sai ta tsuke, ta ɗame kamar fatar ganga. A ɗame sama da ƙasa daidai, don kada ledar ta murɗe fiffike. Yana da kyau launin saman fiffike ya bambanta da na ƙasa, domin mai tuƙi ya gane yadda jirgin yake in ya yi nisa.

Yadda rimot ke aiki

Rimot ɗin ƙaramin gidan rediyo ne. Yana da sanduna biyu da ake motsawa da manyan yatsu. In ka motsa sanda, sai ya aika saƙo ta iska. A cikin jirgi akwai ɗan akwati mai karɓar saƙon. Shi kuma yana miƙa umarni ga wasu ƙananan injuna, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Kowane ɗan inji yana da hannu, hannun yana ja ko tura waya, wayar kuma tana motsa ƙyaure. In ka motsa sanda kaɗan, ƙyaure ya motsa kaɗan. In ka tura ta sosai, ya motsa sosai.

A da, in mutum biyu suka kunna rimot a kan zango ɗaya, saƙo yakan cakuɗe, jirgi ya faɗo. Dole ake bin layi. Tun wajen shekarar 2005 aka samu rimot na zamani wanda ke gane jirginsa shi kaɗai, don haka mutane da yawa suna iya tashi a lokaci guda.

Daidaita nauyi

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa. Mai jaki ya san cewa in mangala ta rinjaya gefe ɗaya, tafiya ba ta yiwuwa. Jirgi ma haka yake, sai dai shi rinjayen gaba da baya ne ya fi haɗari.

A kan zane akwai alama da ke nuna wurin da nauyin jirgi zai tsaya. Galibi wurin yana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba. Misali, in daga gaban fiffike zuwa bayansa santimita 24 ne, wurin zai kasance tsakanin santimita 6 da 8 daga gaba.

Ka sa duk kayan jirgi a ciki, har da batir. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, daidai wurin alamar. Ya kamata ya tsaya a kwance, ko hanci ya ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta sauka, kada ka tashe shi. Ka matsar da batir gaba, ko ka ƙara ɗan nauyi a hanci. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana da wuyar sauka, amma ana iya sarrafa shi. Wanda wutsiyarsa ta yi nauyi kuwa, da ya bar ƙasa zai ɗaga kai, ya ƙi jin umarni, ya faɗo.

Ranar tashi

Kafin tashi, ka tsaya a bayan jirgi ka gwada kowace sanda. In ka tura dama, ka tabbata ƙyaure ya amsa dama. Jirage da yawa sun karye saboda an haɗa abu a juye. Ka kuma gwada daga nesa, ka ga ko saƙo yana isa.

Ana tashi ne ana fuskantar iska, haka kuma ake sauka. Abin da ya fi rikita sabon mai tuƙi shi ne lokacin da jirgi ya juyo yana zuwa wurinsa. A lokacin, damar jirgi ta koma hagun mai tuƙi. Shi ya sa a ƙungiyoyin masu wannan aiki, gwani ne ke fara tashin sabon jirgi. Ana haɗa rimot biyu, ɗaya a hannun malami, ɗaya a hannun ɗalibi. In ɗalibi ya rikice, malami ya karɓe tuƙi nan take. A Amurka an kafa babbar ƙungiyarsu tun shekarar 1936. Wasu kuma suna fara koyo a kwamfuta kafin su taɓa jirgin gaske.

Abubuwan kiyayewa

Farfela tana iya juyawa sau 10,000 a minti ɗaya. Tana yanke yatsa. Kada a kai hannu kusa, kada kuma a tsaya a gefenta.

Batirin irin waɗannan jirage yana kama wuta in ya huje ko an cika masa caji fiye da ƙima. Kada a bar shi a caji a tafi barci.

Gam mai kamawa nan take yana manne yatsu, tururinsa kuma yana cin ido. A yi aiki a wurin da iska ke shiga, a ɓoye shi daga yara.

Ba a tashi a kan mutane, ko dabbobi, ko gidaje, ko kusa da wayar lantarki da filin jirgin sama. A Amurka doka ta hana wuce ƙafa 400 a sama, wato kimanin mita 120. A Nijeriya, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ba da sanarwa a shekarar 2016 cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Duk mai sha'awa ya fara neman bayani wurin hukuma.

Iyakar abin da ƙaramin jirgi ya taɓa yi

A watan Agusta na shekarar 2003, wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill ya tashi jirgin balsa daga gabashin Kanada. Shekarunsa 77, idonsa ya yi rauni ƙwarai, kunnensa ma haka. Nauyin jirgin da mansa bai wuce kilo 5 ba. An tashe shi da rimot, sannan wata 'yar na'ura mai bin tauraron ɗan'adam ta karɓi tuƙi a kan teku. Jirgin ya ƙetare tekun Atilantika, tafiyar fiye da kilomita 3,000, cikin kusan awa 39. Wani abokin aikinsa ya sauke shi da rimot a ƙasar Ailan. Man da ya rage bai cika kofin shayi ba. Kafin wannan, jirage huɗu ya tura, duk suka salwanta. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Gwaji a gida

Ba sai da kwalin balsa za ka ga gaskiyar wannan darasi ba. Ka samo sillen kara miƙaƙƙe mai tsawon kamu biyu. Ka yanko fiffike daga siririn kwali, ka ɗaura shi da roba kusa da gaba, ka ɗan lanƙwasa ƙarshensa biyu sama. Ka yi ƙaramar wutsiya, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Ka jefa shi a hankali, hanci ya ɗan kalli ƙasa. In ya ɗaga kai ya faɗo, ka soka ƙaramar ƙusa a hancinsa. In ya nutsa da ka, ka matsar da fiffike gaba kaɗan. Ka riƙa canza abu ɗaya a kowace jifa, ka auna nisan da taku, ka rubuta.

Tambayoyi

1. Me ya sa katakon balsa ba shi da nauyi?
2. Waɗanne itatuwa ne na ƙasarmu suke dangi ɗaya da balsa?
3. Me zai faru in allon da aka gina fiffike a kai ya lanƙwashe?
4. In faɗin fiffike daga gaba zuwa baya santimita 36 ne, tsakanin santimita nawa da nawa nauyin jirgi zai tsaya?
5. Faɗi abubuwa uku da ake kiyayewa kafin a tashi jirgi.

A tattauna amsoshin a aji tare da malami. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.